Namijin Gwanda a Misfala

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarki Saude, a Misfala ta Makka, zuwa ga 'yata Azumi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida Gwaggonki Hure da duk ayarin da kuke ciki. Allah Ya tsare ku a kan ruwa, Ya tsare ku a tudu, Ya sa ku tarar da mutanen gida lafiya.

Na roƙi Gwaggo kada ta ba ki takardar nan sai jirgi ya rabu da Jidda, don na san idan kika karanta ta a gabana ba zan iya tsayawa ba. Na yi baƙaƙen manya-manya saboda ke. Ki karanta da hantsi, lokacin da haske yake da ƙarfi, kada ki matsa wa idonki da yamma. In ya gaji, ki ninke, gobe ma rana ce.

Ba ni da labarin da zan ba ki wanda ba ki sani ba. Kin san ɗakinmu na gwangwani, kin san kafaɗar babanki da sandar ɗaukar ruwa ta cinye. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa na yarda a raba ni da ke. Idonki ne, Azumi. Likita ya ce idan kika ci gaba da cin abin da muke ci a nan, hasken da ya rage miki zai tafi kamar yadda na ƙanenki Habu ya tafi. A gidan Gwaggo, a ƙasar Zazzau, akwai abin da zai iya riƙe shi, yana tsaye a bayan rijiya ba wanda ya damu da shi. Gwanda ce. Saboda ita zan yi miki doguwar magana, ki yi haƙuri da ni.

Ina yarinya akwai gwanda a gidanmu, a wajen makwarari, inda ruwan wanke-wanke yake bi. Ba shuka ta aka yi ba, wani ne ya sha ya zubar da 'ya'yan ta fito. Takan yi 'ya'ya har su yi mata nauyi, tsuntsaye su huda, su faɗo su fashe, kaji su taru. Innata takan yanka mini ta ce, "Ungo, sha, cikinki ya saki." Ni kuwa sai in toshe hanci in ce wari take yi. Babana malami ne, ya koya mini karatu tare da yayyena maza, kuma a cikin littattafansa na fara jin sunan rumman da inabi da ɓaure. Na ɗauka wannan shi ne abin da mutane na gaske suke ci, gwanda kuwa ta kaji ce. Da aka ce babanki zai tafi da ni gabas, na yi ta murna a ɓoye. Na ga kaina a lambu, ina miƙa hannu ina tsinko rumman. Ranar da muka fito ko waiwayar bishiyar ban yi ba.

Ki ji ni da kyau. Za ki isa gidan da za ki ga ana wasa da gwanda, yara suna jifan juna da ruɓaɓɓiya. Za su yi miki dariya idan sun ga 'yar Makka tana rububinta, za su ce ashe a ƙasa mai tsarki yunwa ake yi. Ki bar su su yi dariyarsu, ki sha. Abin da ya yi yawa a gida har aka raina shi, sau da yawa shi ne yake riƙe da mutanen gidan ba su sani ba. Ni ban taɓa ganin mai dundumi a gidanmu ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

A hanya na haife ki, a Sudan, lokacin da babanki yake tsinkar auduga don mu sami abin ƙetare ruwa. Da muka iso nan ban ga lambu ba. Duwatsu na gani baƙaƙe, da rana mai kashe ciyawa tun ba ta fito ba. Rumman yana nan, daga Ɗa'ifa ake kawo shi a kan jakuna, ya wuce ta bakin unguwarmu ya shiga gidajen masu benaye. Sai na koma cikin littattafai. Matar da nake yi wa wanki tana da 'yan ƙananan littattafan labari na Masar, ta ga ina leƙe sai ta riƙa ba ni aro. A cikinsu na ƙarasa koyon Larabci. Kin sha ganina a bakin ƙofa, tukunya a kan wuta, littafi a cinya. A can ciki kullum akwai yarinya mai wahala, kuma kullum kafin shafi ya ƙare wani yakan zo ya ɗauke ta. Na saba da haka har na ɗauka mu ma wani zai zo.

Sai yaƙin Turawa ya tsai da jiragen ruwa, alhazai suka yi ƙaranci, aiki ya tsaya. Muka koma busasshiyar gurasa da shayi, wata rana shinkafa fara ba mai. A wannan lokacin kika fara tuntuɓe. Da rana lafiyarki ƙalau, da an kira magariba sai ki fara lalube bango. Ranar da kika yi karo da randa ta fashe, ruwan da babanki ya ɗauko daga bazan, matattarar ruwan unguwa, ya bi ƙasa, na mare ki. Na ce, "Ba ki gani ne?" Kika ce, "Umma, ai duhu ya yi." Duhu bai yi ba, Azumi. Ina karatu a hasken nan, ban ma kunna fitila ba. Na ji amsarki, na ɗauka rashin kunya ce, na koma shafina.

Akwai wani abu kuma da ya taimaki littafin wajen rufe mini ido. Ke ce 'yar farina. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi a gaba ta kalli fuskarsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. A gida wannan ba ya cutar da kowa, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan gida da za su ɗauki yaron su duba shi daga kai har ƙafa. Ni na ɗauko kunyar na zo da ita har nan, na bar kakannin a can. Ba wanda yake kallon fuskarki a madadina. Na yi shekaru ina zuba miki abinci kaina a sunkuye, ina jin daɗin mata suna cewa Saude akwai kunya. In Allah Ya ba ki haihuwa, ki yi kunyarki a gaban mutane yadda aka saba, ban hana ki ba. Amma kullum da safe ki ja ɗanki cikin ɗaki, ki riƙe haɓarsa, ki buɗe idonsa ki duba, ki duba harshensa. Ba wanda zai gan ki.

Habu ne ya sa na duba. Da ƙyanda ta kama shi, idonsa ya bushe, baƙin ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Kin tuna yadda yake juya kai yana neman muryata. Na kai shi wajen wani likita Bamisre da yake duba talakawa, ke kina riƙe da gefen zanena. Ya duba Habu, ya mayar mini da shi. Sai ya juyo ya kama fuskarki, ya ja fatar idonki ƙasa, ya ce in matso. A kan farin idonki akwai wani abu kamar kumfar sabulu da ta bushe. Ya tambaye ni tun yaushe. Uwa ce ni, a tsaye, ban san tun yaushe ba.

Ya ce ciwon ba iska ba ne, ba kambun baka ba ne. Akwai wani abu da Allah Ya sa a cikin wasu abinci wanda ido yake rayuwa da shi, kamar yadda fitila take rayuwa da mai. Yana cikin hanta da man shanu da ƙwai da ɗanyen ganye, yana cikin 'ya'yan itace masu jan ciki. Ya ce, "Ku mutanen Takrur ba kuna da gwanda ba? A ƙasarku ai ko jaki yana samu." Ya ba ni kwalbar man kifi. Habu bai kai ga shan rabinta ba Allah Ya karɓi abinSa. Ke kika shanye sauran, idonki ya washe, kwalba ta ƙare, ban sami wata ba. Da Layya mukan sami hanta a Mina, ki yi kwanaki kina gani har kina tsokanar yaran maƙwabta da magariba. Kafin wata ya juya sai in ji hannunki a jikin bango kuma.

Khala Maryam, Bajawiyar nan 'yar ƙasar Jawa ta bayan ɗakinmu, ita ta kawo mana gwanda ta farko da kika taɓa gani. Wani ɗan'uwanta ne mai aiki a jirgi ya kawo mata daga Jidda, ta yanko mana gefe guda. Na ajiye miki a gaba, kika sunsuna kika ture, kika ce, "Ma abgha, ba na so, wari take yi." Muryata na ji a bakinki. Na matsa miki lemun tsami, na tsaya a kanki sai da kika shanye har kika kankare ɓawon da haƙori. 'Ya'yan kuwa na tattara su a tafin hannu kamar zinariya.

Na goge musu yauƙi da toka, na shanya a inuwa, na sami gwangwanin kananzir na huda gindinsa, na cika da ƙasar kwari da kashin awaki. Suka fito da yawa, kore shar, abin da ban gani ba tun barina gida. Ruwa ne matsala. Kin san a nan ko ruwan alwala ba a zubarwa. Babanki ya tsaya a kansu ya ce, "Saude, bakin mutum huɗu nake ɗaukar wa ruwa, yanzu sun koma uku, ke kuma kin kawo mini rundunar baƙi." Na ce ɗaya kawai zan bari. Na duba, na zaɓi wanda ya fi tsawo, ya fi kauri, ya fi kyan ganye, na tuge sauran na zubar. A littattafaina wanda ya fi kyau shi ne yake ceton yarinyar.

Wata da watanni ina ba shi ruwan wankin shinkafa da rabin ruwan wankana. Na mayar da shi ƙasa, na kafa masa buhu don rana. Ya wuce rufin ɗakinmu, mata suna zuwa kallo har daga unguwar Hindawiyya. Kullum nakan ce miki, "Saura kaɗan." Sai ya yi fure, dogayen silla suna reto, farare ƙanana, ƙanshi har bakin hanya. Na kira Khala Maryam da gudu in nuna mata. Ta ɗaga kai ta duba, ta dafa kafaɗata, ta ce, "Ya binti, wannan namiji ne."

Ban san gwanda tana da namiji ba. Na girma a gindinta ban taɓa ɗaga kai na dubi furenta ba.

A wannan shekarar hanya ta buɗe, Gwaggonki ta iso aikin hajji ta sauka a wurinmu. Ta zagaya bishiyar, ta riƙe baki, ta ce, "Amarya, wannan ƙaton kike shayarwa? Ƙanena yana karya ƙugu a bazan, ke kina kiwon gwauro!" Na ce, "Yaya, ba dabara?" Ta ce, "A gida akan ɗaura masa zane a soke shi da ƙashi, wai kunya ta sa ya haihu. Ni dai ban taɓa ganin namijin da zane ya sa shi naƙuda ba, amma gwada." Na yage tsohon ɗankwalina na ɗaura masa, na soke shi da ƙashin raƙumi. Gwaggo tana dariya har da hawaye, ni ma na yi, sai da na shiga ɗaki dariyar ta juye. Bai yi ko ɗa ɗaya ba. Da iskar zafi ta taso, cikin 'yan kwanaki ganyen ya zube, karan ya lotsa, ashe cikinsa rami ne.

Don haka in za ki shuka, kada ki yi gaggawar zaɓe. Ki zuba iri da dama a rami ɗaya, a wurin da ruwa yake wucewa amma ba ya kwanciya, don saiwarta tana ruɓewa. Ki bar su duka har su yi fure. Macen furenta babba ne, ɗaya-ɗaya, manne a jikin kara, ba shi da wani kyau. Ita za ki bari. Namiji ɗaya ya ishi unguwa. Kuma kada ki jingina ranki a kan abu guda kina cewa saura kaɗan. Watannin nan da na yi ina jiran fure, da na yi su ina bin mahauta ina roƙon guntun hanta, da wataƙila yau ba a kan ruwa kike ba.

Gwaggo ce ta fara maganar. Ta gan ki da magariba kin miƙa hannu kina neman buta, butar tana gabanki. Ta ce wa babanki, "Ka ba ni yarinyar nan." Ya ce, "Yaya, mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a nan, ni in fitar da 'yata?" Ta ce, "To ita mutuwa ta zo yi? Ka bar ta ta makance a gindin Ka'aba, sai ka ɗauki ruwa da hannu ɗaya ka ja ta da ɗaya." Suka juyo gare ni, suna jiran in yi kuka in hana. Na ce ta tafi da ke. Kin ji ni, na ga yadda kika dube ni. Ba don na gaji da ke ba ne. Babanki ya yi alkawari ba zai bar garin nan ba, kabarin Habu yana nan, ga cikin da nake ɗauke da shi. Ba ni da ƙafar da zan bi ki.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe, wani daga innata, wani daga Khala Maryam, wani daga likita.

Nunanniya ita ce ta ido, wadda cikinta ya yi ja. Ki sha kullum da safe in akwai, ba sai kin ji marmari ba. Likita ya ce ta fi aiki idan akwai ɗan maiƙo a ciki, saboda haka ki haɗa da ƙuli ko gyaɗa, ko ki dama ta a kindirmo. Kada ki jira ta nuna a sama, tsuntsu zai riga ki. Da kin ga gindinta ya fara rawaya ki tsinke, ki ɗan tsattsaga fatar da wuƙa farin ruwan ya fita, ki kife ta a cikin ƙwarya. Ruwan nan yana cin fata, kada ya taɓa idonki, ki wanke hannu kafin ki sosa. Tana sakin ciki, in kin ga ya yi yawa ki rage, amma kada ki daina.

Ɗanyar ma abinci ce, mu ne ba mu sani ba. Jawawa suna feraye ta, su wanke sosai, su yanka ƙanana su dafa kamar kabewa. Tana shan miya, tana cika tukunya ranar da babu. Ki yi wa Gwaggo miyar taushe da ita, za ta ce ƙazantar Makka ce, sannan ta nemi ƙari. Sai dai ɗanya ba ta da abin idon sosai, kada ki bar ta ta maye miki nunanniya. Idan an sami nama mai tauri, tsohuwar saniya ko busasshen nama irin namu na Mina, ki jefa yanki ɗaya na ɗanyar a tukunya, ko ki murza ganyen ki naɗe naman ya ɗan jima. Zai yi laushi ba ki ƙona itace ba. Ranar da kika yi ciki, ki nisanci ɗanya gaba ɗaya, Khala Maryam ta ja mini kunne a kan wannan. Baƙaƙen 'ya'yan suna da yaji, innata takan ba mu kaɗan don tsutsar ciki, kaɗan nake nufi. In lokacin gwanda ya wuce, ga mangwaro, ga zogale, ga manja, ga kabewa. Idan an yanka dabba a gidan, ki cire kunya ki ce a ba ki hanta. Ki ce uwarki ce ta ce.

Za ki zama baƙuwa a can. Hausarki ta cakuɗe da Larabci, za su kwaikwaye ki. Ki yi wa Gwaggo biyayya, bakinta ne da zafi, amma ita ta ga abin da ni ban gani ba. Na sa miki littafi ɗaya a ƙasan kayanki, wanda kike so in karanta miki, na yarinyar nan da jirgin ruwa. Na yi ta tunanin in cire shi. Ki karanta, amma tukunya tana kan wuta ki ajiye, wani yana yi miki magana ki ɗaga kai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba ko mun makara. Na tambayi likita, ya ce na dundumi yana dawowa, amma inda ya riga ya yi tabo ba ya gogewa, kuma hanyarku doguwa ce, gurasar nan dai za ku ci har ku isa. Saboda haka ki kalli komai a hanya. Ki kalli teku, ki kalli kogin Sudan, ki kalli fuskar Gwaggo da kyau, ki adana. In ya tafi duk da haka, kada ki ce laifinki ne, kuma kada ki yarda a zaunar da ke a bakin hanya da ƙoƙo. Hannunki ya iya tuƙa igiya, ya iya girki.

Kada ki ce za ki dawo don ni. Garin nan mai albarka ne, amma ba shi da abin da zai ba idonki, ni ma ba ni da shi. Nakan zauna in lissafa hanyar da ta kawo mu, in ga ba zan sake bin ta ba, ke ma ba na so ki bi ta sai kin girma kin zo da guzurinki. Wataƙila a lokacin ki tarar da ni, wataƙila a nuna miki wajen da nake.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk shekara mutanen ƙasarmu suna zuwa. In idon ya warke, ki sami wani alhaji ki ce ya nemi matar mai ruwa a Misfala, ya ce mata Azumi tana zuwa rijiya da magariba ita kaɗai. Ba sai kin rubuta komai ba. Zan riƙa fita bakin hanya duk lokacin da ayari ya shigo, ina tambaya. In shekaru suka wuce ba wanda ya faɗa mini haka, na gane, ba sai an aiko mini da bayani ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kare ku daga ciwo da ɓarayin hanya. Allah Ya bar miki haskenki, Ya sa ki a hannun masu tausayi. Babanki yana sa miki albarka, bai iya faɗa ba ne. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, da wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ni ma ki yafe mini, 'yata.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Saude